Kafin ka kai kaya jirgin sama, ɗauko tef ɗin awo

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu aika kaya ta filin jirgin Akra, ku kula da wannan, ni ya taɓa cina.

Jirgin kaya ba nauyi kaɗai yake caji ba, har da girman kwali. A auna tsawo, faɗi da tsayi da santimita, a ninka su, a raba da 6000. In abin da ya fito ya fi nauyin sikeli, shi za ka biya. Na tashi daga unguwar Nima a Akra da kwalin huluna mai kilo 12, aka caje ni kuɗin kilo 20, domin rabinsa iska ce. Ku danne kaya, ku rage kwali.

Batirin waya da turare kuwa, a faɗa wa ma'aikatan jirgin tun farko, kada a ɓoye. Takardar kayan da za su ba ka tana da lamba mai alƙaluma 11, Alhaji, ɗauki hotonta a waya.