Yadda nake gane ƙwaron Cydnidae mai haƙa ƙasa

Cydnidae sunan kimiyya ne na wani dangin ƙwari. In ka tono ɗayansu a gindin shuka, kada ka yi saurin cewa buzuzu ne. Ni a farin faranti nake sa shi, in fara da bayansa. Fukafukan buzuzu kan haɗu a miƙe. Na wannan kuwa ɗaya ya hau ɗaya, ƙarshensu shara-shara. Sai ƙafafu: ƙayoyi ne jere a ƙwaurinsa, da su yake haƙa. Juya shi, ga baki kamar allura kwance a ƙirji.

Tantance nau'insa ne aiki. Misali, nau'in da ake kira Pangaeus bilineatus, mai ɓata gyaɗa a jihar Jojiya ta Amurka, baƙi ne kamar 'yan'uwansa da yawa. Shi ya sa nake adana nawa a kwalbar sifirit, in rubuta rana da wuri, in kai wa masanin ƙwari.