Daga Bakin Rijiya Zuwa Bakin Moɗa: Kurakuran da Muke Yi a Garuruwan Sahara

A garin da ruwa ke wuya, ba a cika tambayar lafiyar ruwa ba. Mace ta tashi tun asuba da jaki da jarkoki huɗu, ta yi layi a bakin rijiya har hantsi, in ta samu ta cika sai godiyar Allah. Haka rayuwa take a ƙauyukan da ke tsakanin Tanut da Agadas, haka take a Adarbisanat da Ingal. Maƙwabtanmu Buzaye suna cewa "aman iman", wato ruwa shi ne rai, kuma gaskiyarsu. Sai dai ruwan nan da muke wahala a kansa shi ne yake kwantar mana da yara, kuma yawancin ɓarnar a hannunmu take faruwa.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne auna ruwa da ido. In ya yi garau, babu wari, babu zartsi, sai a ce mai kyau ne. Alhali dattin ruwa iri uku ne: akwai laka da ido ke gani, akwai ƙwayoyin cuta da ba a gani, akwai kuma ma'adinai da guba da suka narke a ciki. Kowanne da maganinsa, na wani ba ya yi wa wani.

Ɗauki alif. Ana ɗebo ruwan tabki da damina jawur, a jefa alif ko garin ƙwayar zogale, laka ta kwanta, ruwa ya washe, sai a sha. Laka ce ta kwanta, amma ƙwayar kwalara da ta taifot da ta shawara ba su mutu ba. Shawarar da ta ɓarke a yankin Difa a 2017, wadda ta fi yi wa mata masu ciki illa, ta ruwa ta bi. Gyaran shi ne a bi mataki biyu: a kwantar da lakar a tace da ƙyalle mai tsabta, sannan a kashe cutar. In da ƙwayar Aquatabs, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, a duba takardarta a ga ta lita nawa ce. Ta lita 20 ita ce ta jarka ɗaya. A jefa, a rufe, a jira minti 30 cur. Masu raba ƙwaya gida biyu don tattali, da masu sha bayan minti biyar, da masu jefa ta cikin ruwa mai laka, duk sun yi asarar kuɗinsu, domin laka tana cinye ƙarfin maganin. Warin da ake ƙorafi a kai shaida ce cewa maganin yana aiki, kuma yana raguwa in ruwan ya huta a randa.

In babu ƙwaya, a tafasa ruwan har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Na san itace a wajenmu ba abin wasa ba ne, amma muna da abin da ya fi itace yawa: rana. Gorar roba fara garau wadda ba ta wuce lita 2 ba, a cika ta da tataccen ruwa, a kwantar a kan rufin kwano ko soro awa 6 cikin rana mai ƙarfi, kwana 2 in akwai hazo ko gajimare. Jarka mai launi ba ta yin wannan aikin.

Tafasawar ma tana da iyaka, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Wuta ba ta fitar da gishiri ko ma'adini, ƙara musu kauri ma take yi yayin da tururi ke tafiya. Mutanen Tibirin Maradi sun ga wannan da idonsu. Tun tsakiyar shekarun 1980 aka haɗa garin da wata rijiyar burtsatse, ruwa fari tas, kowa yana murna. Ashe sinadarin fuloraid da ke ciki ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato miligiram 1.5 a lita, har sau uku ko fiye. Kafin a farga, ɗaruruwan yara haƙoransu sun yi ja, ƙafafu sun lanƙwashe. Saboda haka sabuwar rijiya ba a buɗe ta da walima kawai. Kwamitin ruwa na gari ya nemi ma'aikatan ruwa su ɗauki samfur su gwada, kuma a ajiye takardar sakamakon. In ka lura yaran da aka haifa a unguwa ɗaya duk haƙoransu suna da tabon ruwan goro alhali ba sa cin goro, kada a ce gado ne. A gwada ruwan, kafin nan a nemo wa ƙananan yara na sha daga wata rijiyar.

Rijiyar da garke ke kwana a bakinta kuma tana tara wani sinadarin daga fitsari da kashin dabbobi, wanda ya fi cutar da jarirai. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ba a ɗura wa jaririn da bai kai wata 6 ba ruwa, komai zafin bazara. Nono ya ishe shi, uwar ce za ta ƙara shan ruwa. Kwamin dabbobi a matsar da shi nesa, a daɓe bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi. A kafa itace a rataye guga da igiya, a daina yar da su a cikin caɓi sannan a mayar rijiya. Masai kuwa ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, kuma ya kasance ta gangare.

Yanzu mu shiga gida, inda na fi jin takaici. Wata bazara na sauka wajen goggona, jikokinta uku suna gudawa bi da bi. Ruwansu na famfo ne, gwadajje. Ina zaune a zaure na ga ƙaramin ya fito daga bayan gida, ya ɗauki moɗa daga ƙasa inda kaza ta gama tsattsaga, ya zurma hannu har gwiwar hannu cikin randa, ya sha, ya mayar da saura. Na ce, "Goggo, yaushe rabon randar nan da wanki?" Ta ce, "Ɗan nan, ruwan da muke saye wa zai zubar? Ƙari muke yi a kai." Da muka juye ta, gindinta santsi ne kore. Ba ƙazanta ce ta sa ta ba, tsadar ruwa ce, kuma ba sai an zubar da komai ba: kwanannen ruwa a juye shi a yi wanki ko a ba awaki, a cuɗa randar da soso da sabulu ko toka duk bayan kwana biyu ko uku. Muka sa mata faifai mai nauyi, muka rataye ludayi mai dogon hannu a ƙusa inda yaro ba ya kai, kofin sha daban. Wanda ya fi wannan shi ne tulu mai ƙaramin baki ko bokiti mai famfo, wanda hannu ba ya shiga. Jarka ma tana son wanki: tsakuwa, sabulu, ruwa kaɗan, a girgiza sosai.

Kowace jarka tana da tarihi, a tambaye shi kafin a saya. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur, gas ko maganin fara ta haramta ga ruwan sha har abada, domin roba tana tsotse guba, wanki ba ya fitar da ita. Ga na yankin Arlit da Akokan akwai ƙarin hattara: binciken da ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta yi a 2009 ya gano ƙarafa masu burbushin yuraniyom a kasuwa. Durom ko bututun da ba a san asalinsa ba kada ya zama mazubin ruwa ko tukunya. Akasin haka ma yana kisa: kalanzir ko fiya-fiya a cikin gorar lemo. Yaro mai ƙishi ba ya karatu. In ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, aman yana tura kalanzir cikin huhu. A ɗauke shi da gorar a nufi asibiti.

Da hunturu sanyin dare yakan sa a shigo da kaskon gawayi ɗaki bayan an gama shayi, a toshe taga da tsumma, a ja ƙofa. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da amai, kafin a zargi tuwon jiya ko iskokai, a fitar da kowa waje a buɗe ko'ina. Kasko waje yake kwana, janareta ma haka, fetur ɗin sayarwa kuma ba a ajiye shi ɗakin da ake kwana ko kusa da murhu.

Kunama da zafi take fitowa. A kakkaɓe takalmi da shimfiɗa, a kwantar da yara a kan gado cikin gidan sauro maimakon tabarma a ƙasa. Babba yakan sha zafin harbi ya warke, amma yaro ƙarami harbin kunamar sahara yana iya kashe shi cikin awoyi. Tsaga da tsotsa da ɗaure ƙafa tamau ɓata lokaci ne. Baho da durom mai ruwa a rufe su, mai rarrafe yana nutsewa a ruwan da bai kai kamu ɗaya ba. Kada kuma dogon fari ya ruɗi mai gini ya kafa gida a cikin kori: ambaliyar Agadas ta watan Satumba 2009 ta rushe dubban gidajen ƙasa a dare guda. A gyara yaɓe da indararo kafin damina, rijiyar da ambaliya ta shiga kuma a yashe ta a sa mata magani kafin a koma sha.

Saura kuskuren da ya fi saurin ɗauke yaro: hana shi ruwa don yana gudawa, wai kada ta ƙaru. Bushewar jiki ce take kisa, kuma a zafinmu tana sauri. A haɗa sacet ɗin ruwan gishiri da sukari a lita 1 na tsabtataccen ruwa. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita 1 ta ruwan. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da nono, a nemi ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. In idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko aka ga jini a kashin, a nemi babur ko mota a daren, kuma a tafi da gorar ruwan gishirin ana ba shi a hanya.