Kai yaro makarantar raino a Ingila: yadda ake zama da malamarsa

A gida, in uba ya kai yaro makaranta ya ce wa malami "ga amana nan", magana ta ƙare, ba a sake ganinsa sai ranar karɓar sakamako. Wannan ja da baya girmamawa ce a wurinmu. A Ingila kuwa, malamar da ba ta ji komai daga bakin iyaye ba sai ta koma yin zato, kuma wanda bai san al'adarka ba da wuya zatonsa ya faɗa daidai. Daga nan saɓani da yawa ke tasowa tsakanin sababbin zuwa da makarantun rainon yara.

Duk makarantar raino mai rajista da Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu, tana bin tsarin da ake kira EYFS, wanda ya shafi yara daga haihuwa zuwa shekara 5. Tsarin ya wajabta a ware wa kowane yaro ma'aikaciya guda da za ta zama tasa: ita ke saba masa da wurin, ita ke lura da ci gabansa, ita ce kuma ƙofar iyaye. Ranar farko ku tambayi wace ce, ku riƙe sunanta da ranakun aikinta. Sunanta kai tsaye ake kira, ba "Malama" ba "Anti", kuma ba raini ba ne. Ku sani hannunta a cike yake: babba ɗaya na iya riƙe yara 3 'yan ƙasa da shekara biyu, ko 5 'yan shekara biyu, ko 8 daga shekara uku zuwa sama, har 13 in akwai ƙwararren malami. Gaisuwar bakin ƙofa ta zama gajera. Magana mai tsawo a nemi a saka mata lokaci.

Duk yaro ɗan shekara 3 ko 4 yana da awa 15 kyauta a mako, mako 38 a shekara, ko da bizar iyayensa ta hana su cin tallafin gwamnati. Ana farawa a zangon da ya biyo bayan cikarsa uku, wato Satumba, Janairu ko Afrilu. Abinci da famfas ana iya cajinsu daban, don haka ku nemi a rubuta muku abin da kuke biya dalla-dalla tun kafin a fara.

Kafin yaro ya fara zama cikakke, ana yin ziyarar sabo: ranar farko uwa ko uba ya zauna da shi kamar awa guda, sannan a riƙa barinsa na ɗan lokaci ana ƙarawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne sulalewa yayin da hankalin yaro ke kan wasa. Da ya waiwaya bai ga uwarsa ba, gobe ba zai saki zanenta ba. Ku durƙusa ku ce masa "zan dawo bayan kun ci abinci", ku miƙa shi hannun malamarsa, ku fita ko yana kuka, ku kuma dawo a lokacin da kuka faɗa. In hankalinku bai kwanta ba, ku buga waya bayan rabin awa. Sun saba da haka.

Za a ba ku takardar bayanin yaro. Kada ku cika ta da "ba komai". Sunan da ke fasfo Muhammad ne, amma a gida Abba ake ce masa, musamman in ɗan fari ne da uwa ke alkunyar sunansa. Malama za ta yini tana kiran Muhammad, yaro bai ko ɗaga kai ba, sai ta fara tunanin ko kunnensa ne. Ku rubuta sunan da yake amsawa da yadda ake furta shi. Ku rubuta mata kalmomi goma na Hausa a takarda ɗaya: ruwa, fitsari, kashi, barci, zafi, yunwa, zo, zauna, bari, sannu. Ku faɗa mata da goyo yake barci, da hannu yake cin abinci, da ruwa ake masa tsarki, kuma in babba na masa magana sunkuyar da kai yake yi don ladabi. Wannan na ƙarshe yana da nauyi, domin a can rashin haɗa ido na cikin abubuwan da ake lura da su wajen auna ci gaban yaro.

A batun abinci, "ba ma cin alade" bai isa ba. Ku fayyace: naman halal kaɗai, ko in babu a ba shi kifi da ganye, kuma a duba jelatin, sinadarin da akan samo daga alade ko wasu dabbobi, a alewa da kayan zaƙi. Ku ma akwai abin kiyayewa: makarantu da yawa sun hana shigo da gyaɗa kwata-kwata saboda akwai yaran da jikinsu ba ya ɗaukarta, har tana iya kashe su. Ƙuli-ƙuli, kilishi, yajin tsire da kunun gyaɗa duk suna cikin hanin, ko da ɗan kaɗan ne a jakar yaro.

Sai maganar jikin yaro, wadda ita ce ta fi jawo tashin hankali. Aikin ma'aikatan nan ne su rubuta duk raunin da suka gani, su kai wa jami'in kare yara na makarantar, shi kuma in abin bai gamsar da shi ba ya sanar da sashen kula da yara na ƙaramar hukuma. Ba ƙiyayya ba ce, kuma ba a roƙonsu su rufa asiri. Don haka in yaro ya faɗi a gida ya fasa goshi, ku faɗa da bakinku da safe kafin a tambaye ku. Za a ba ku takarda ku rubuta yadda abin ya faru ku sa hannu. Jarirai baƙar fata da yawa ana haihuwarsu da tabo mai launin toka ko shuɗi-shuɗi a ƙugu ko mazaunai, wanda idon da bai saba ba zai ɗauka shaidar duka ce. Ku sa likita ko ma'aikaciyar lafiya mai ziyara ta rubuta shi a jan littafin lafiyar yaro, ku nuna wa malamarsa tun ranar farko. Haka in an yi wa yaro kaciya, ko yana da tsagar gado, ku faɗa kafin a zo canza masa famfas. Laya ko sarƙa a wuya za a ce a cire, don gudun shaƙewa. In yana da sikila, ku zauna a rubuta tsarin kula da shi: yawan shan ruwa, rigar sanyi, alamun tashin ciwo, da wanda za a kira.

Duka kuwa a bar shi. Sikotilan ta haramta shi gaba ɗaya a 2020, Wales a 2022, a Ingila ma dukan da ya bar tabo ko rauni ba shi da kariya a doka. Yaro ɗan shekara uku ba ya ɓoye labari, kuma ko barazanar baki irin ta "zan yanka ka" in ya maimaita ta da Turanci ba za a ji ta yadda muke jinta ba.

Ɗaukar yaro ma da ƙa'ida. Ba a miƙa shi ga wanda sunansa ba ya cikin takarda, ko da ƙanin mahaifinsa ne. Ku rubuta mutum biyu ko uku, ku ba su kalmar sirrin da aka yi yarjejeniya a kai. Makarantu da yawa ba sa yarda yayansa ɗan ƙasa da shekara 16 ya ɗauke shi. Makara tana da tara, kuma in lokaci ya ja ba a samu kowa a waya ba, sai a kira hukuma. Amai ko gudawa, yaro zai zauna a gida awa 48 bayan na ƙarshe. Kada ku ɗura masa Calpol, maganin zazzaɓin yara, ku kawo shi kuna shiru. Da maganin ya sake shi zazzaɓi zai dawo, a kira ku daga wurin aiki, yarda kuma ta ragu.

Kullum ana fita waje, ko da sanyi ko yayyafi, ana wasa da yashi, fenti da taɓo. Ku ajiye kayan Sallah a gida. Ku sa masa tsofaffi, da rigar ruwa da takalmin roba, da canji biyu a jaka, kowanne da sunansa a jiki. Kada ku ce ba a karatu don ba ku ga allo da haddar baƙaƙe ba. Ku tambayi malamar abin da wasan ke koya masa, za ta nuna muku a manhajar da suke saka hotuna, irin su Tapestry ko Famly. Ku ma ku riƙa saka naku: hotonsa yana taya mama tsince shinkafa, ko yana ƙirga takalma a bakin ƙofa.

Kada ku daina masa Hausa a gida don ya yi saurin Turanci. Yaron da ya shiga sabon harshe kan yi makonni, wani har watanni, yana saurare ba ya magana. Abin da malama ba za ta iya sani ba sai daga gare ku shi ne yadda bakinsa yake a Hausa: yana haɗa kalma biyu ko uku? Yana gane aike? Wannan zai yi amfani a rahoton da ake rubutawa tsakanin shekara biyu da uku, wanda ke duba magana, motsin jiki, da mu'amala da mutane. In ta ce tana ganin jinkiri, ba baki take masa ba. Layin ganin likitan magana yana da tsawo, gara a shiga da wuri. Uba ya zo wannan zama, kuma in Turancin ya yi sauri ku ce a maimaita ko a rubuta, kada ku ce "to" a kan abin da bai shige ku ba.

In wani abu ya ɓata muku rai, ku fara da malamar, sannan shugabar makarantar. In bai warware ba ku rubuta ƙorafi. Dole su bincika su ba ku amsa cikin kwana 28, bayan nan akwai Ofsted. Kyautar kuɗi ba a yi, kati da ɗan zanen yaro ya wadatar. Da Sallah ta matso, ku gaya musu ranar da ba zai zo ba, ku tambaya ko za su so ku kawo hula da zani yara su gani, ko ku zo ku rera musu waƙar reno guda ɗaya a lokacin da yara ke zama a da'ira ana waƙa da labari.