Noman karbon a ƙasar Adar: ta ina manomi zai fara?

Kwanan nan duk inda ka zauna da masu furoje sai ka ji maganar noman karbon. Ƴan ƙungiyarmu ta manoma a nan Tawa sun ishe ni da tambaya: yaya ake yinsa, kuma da gaske ne ana biyan mutum don ƙasar gonarsa ta yi baƙi? Ni tsohon malamin gona ne, na yi aikina tsakanin Illela, Keita da Buza, yanzu ina noma abina. Amsata ita ce a yi aikin nan domin hatsi. In kuɗin karbon sun zo daga baya, madalla.

Duk abin da ke da ɗanyen ganye, hatsi ne ko wake ko gawo, yana shaƙar iskar karbon ɗin nan da ke ɗumama duniya, ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya gina jikinsa. Busasshen kara kusan rabin nauyinsa karbon ne. Ka cinna masa wuta, ya koma sama a take. Ka bar shi ya ruɓe a gona, mafi yawansa sama zai koma shi ma, amma a hankali, kuma wani ɗan kaso zai maƙale cikin ƙasa. Wannan kason shi ke sa ƙasa duhu, shi ke riƙe laima da abincin shuka. Noman karbon bai wuce ka riƙa mayar wa gona fiye da abin da take asara ba.

Kafin ka je wani taro, ɗauki hauya ka tafi gonar da ke da babban gawo. Tona rami mai zurfin tafin hannu biyu a ƙarƙashinsa, ka yi nisan mita 30 zuwa fili ka tona wani. Ɗebo ƙasar kowanne ka ajiye gefe da gefe. Ta ƙarƙashin gawo ta fi duhu, za ka ga ƙananan saiwoyi da hanyoyin gara a ciki, in ka yayyafa mata ruwa ka dunƙula tana ɗan kama jikinta, har ƙamshi take yi. Ta fili kuwa ja ce ko fara, tana zubewa ta tsakanin yatsu. Gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina, lokacin da hatsi ke son rana, ya yi ganye da rani, dabbobi su kwanta inuwarsa suna cin ƴaƴansa suna kashi. Shekara da shekaru ke nan ana zuba wa gurin taki ba wanda ya ɗauko kwando. Abin da kake so gonarka duka ta kusanta ke nan.

Ga ɗan lissafi, don kada wani ya ruɗe ka. Hekta ɗaya, wato mita 100 sau mita 100, in ka auna ƙasar samanta zuwa zurfin santimita 20, nauyinta wajen tan 3,000 ne. Jigawarmu ta Sahel sau da yawa karbon ɗin cikinta bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Mu ɗauka 0.2 ne cikin ɗari: tan 6 ke nan a hektar. Kana son ya hau zuwa 0.3, sai ka ƙara tan 3 na karbon da zai zauna daram. To tan 2 na kara, wanda ba kowace gona ke ba da shi ba, karbon ɗinsa bai cika tan ɗaya ba, kuma da zafinmu da gararmu yawancinsa ya tafi cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Yashi ba ya riƙo kamar laka. Zuba masa taki kamar ɗibar ruwa da kwando ne, in ka tsaya ya tsiyaye. Shirin da Faransa ta gabatar a taron yanayi na Paris a 2015 ƙarin kashi 4 cikin 1,000 na karbon ɗin da ke cikin ƙasa a shekara yake nema. A gonar misalinmu kilo 24 ke nan kacal. Don haka wanda ya ce maka damina ɗaya za ta canja ƙasarka, kai yake son canjawa.

Ni da itace nake cewa a fara, domin shi ne mafi araha, kuma a ƙasa irin tamu yawancin karbon ɗin da ake iya tarawa jikin itace da saiwoyinsa yake. Ba dashe nake nufi ba, sassaben zamani. Ƙasar Maradi ce ta yi suna da shi tun wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa ƴan kurmin da ake sassabewa kowace bazara tohon tsofaffin kututture ne masu rai. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 da manoman Nijar suka raya ta wannan hanya, akasari a Maradi da Damagaram.

Da lokacin sharar gona, kada ka bi da gatari ka kwashe komai. Tsaya kan kowane kututture na sabara, kalgo, magarya, aduwa ko taramniya. Zaɓi toho biyu zuwa biyar masu ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa zuwa rabin tsawonsu, ba fiye ba. In ka aske su tas, iska ko akuya za ta karya su. Adda ta kasance mai kaifi, saran kuma daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage. Ɗaura jan ƙyalle a jiki, mai wucewa ya san da mai shi. Ƴan ƙananan gawo da suka tsiro daga kashin awaki kuwa ka kafa musu ƙaya, ka nuna wa yaran da ke maka noma, don su ne ke fara kashe su da hauya ba da niyya ba. Itace 40 a hekta ba ya hana hatsi yi in ana rage masa rassa. Ganyen da ka sare kada ya bar gonar, shimfiɗa shi inda ƙasa ta fi mutuwa.

Wahalar sassabe ba sara ba ce, tsaro ne. Ka yi shekara uku kana renon kalgo, wani ya bi dare ya sare. Mutum ɗaya ba ya iya wannan. Sai gari ya zauna da mai gari da liman da wakilin makiyaya da mata masu itacen girki a yi doka, a sa masu sa ido. Ka kuma je ka gaisa da malamin daji na yankinku ka nuna masa aikinka. Tun 2020 akwai dokar gwamnati kan sassaben zamani da ta amince wa manomi ya ci moriyar itacen da ya raya a gonarsa, amma gara a san ka tun kafin ranar da za ka buƙaci sara.

In gonarka fako ce, inda ruwa ke gudu bai shiga ba, tassa ce maganinta, wato ramin shuka mai faɗi da ake zuba wa taki. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso cikin wani furoje na FIDA, asusun duniya na raya aikin noma, suka ga yadda mutanen can, irin su marigayi Yakuba Sawadogo, suka faɗaɗa ramin shuka suna zuba masa taki. Da suka dawo suka gwada, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Har ta kai fakon da da ko kyauta ba a so ya zama abin saye da sayarwa wajen Badagishiri.

Da rani ake haƙa ta, tun ƙasa na busasshiya. Faɗin rami santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami kusan mita ɗaya, wato rami 10,000 a hekta. Ƙasar da ka fitar ka tara ta ta gefen gangara, don ruwan da ya malalo ya tarar da baki buɗe. Layi na biyu kada ya bi sahun na farko. Kowane rami ya faɗo tsakanin biyu na sama da shi, ruwan da ya kuɓuce wa wancan ya faɗa wannan. Taki cikin hannu biyu a kowane rami, ka ɗan rufe da ƙasa don iska. Daga nan ka bar wa gara. Ita za ta zo cin takin ta huda fakon da ramukanta, ruwan farko ya bi ta nan ya nutse. Kada ka yi shuka sai an yi ruwa mai kyau, in ba haka ba takin ya ƙone tsiron. Takin zubi ɗaya yana kai ka damina biyu. A jigawa mai laushi kada ka wahalar da kanka, iska za ta cike ramukan kafin ruwa ya sauka.

Aiki ne mai cin ƙarfi, wajen awa 300 na mutum ɗaya a hekta, ga shi samarinmu na Adar rani na yi sun kama hanyar Abijan ko Libiya. Shi ya sa nake cewa kwata ɗin hekta a shekara ya isa, ko a yi gayya. Inda gangara ta yi yawa a haɗa da rabin wata, wato rami mai siffar rabin wata da ke tare ruwa, mai faɗin mita 4, wajen 313 a hekta, ko jeren duwatsu da aka daidaita da tiyon ruwa. Dutse dai ba mu rasa shi ba. Wanda ya bi tuddan Keita ya ga abin da aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a 1984 da taimakon Italiya ya bari.

Rigimar gaskiya tana wajen kara. Malamai na cewa a bar shi a gona, kuma gwaje-gwajen cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, sun nuna shimfiɗa tan 2 a hekta yana tare ƙurar da iska ke kwasowa, ya kuma ƙara amfani. Amma wa zai bar kara a fili a watan Afrilu, tumaki na kuka, mai amalanke na tayawa da tsada? Ga darni, ga rumbu, ga uwargida na son na toka da na hura wuta. Ban taɓa ce wa manomi ya bar duka ba. Abin da nake cewa: yanke kara daga gwiwa, kada ka tumɓuke, gindin da saiwar su zauna. Na sama ka kai gida dabba ta ci, amma da sharaɗin kashinta da ragowar da ta tattake su komo gonar. Wuraren da suka yi sanƙo ka rufe su da karan da ya rage da rassan sabara. Wuta kuwa a daina ta sam, sai dai in ciwo ko tsutsa ta kama karan.

Taki a tara shi a rami cikin inuwa: shimfiɗar kashin dabba, shimfiɗar ƙaiƙayi da shara da toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a juya bayan mako biyu-biyu. Wata biyu zuwa uku ya nuna, in ka tura hannu ba zafi, warin kuma ya tafi. Takin bolar gari sai an tsince leda da batir da kwalba. Bayan an saki gonaki, in kana da makiyayin da kuka saba, ku shirya ya kwana da garkensa a gonarka ka ba shi hatsi, yana matsar da makwancin bayan ƴan kwanaki. Takin zamani ba haram ba ne a wannan aiki. Gram 2 na DAP ko gram 6 na 15-15-15 a gindin shuka yana ƙara kara da saiwa, su ne kuma karbon ɗin gobe. Wake tsakanin hatsi, gamba a kan iyaka, duk suna cikin lissafi.

Ka ware gefe guda na gonar ka ci gaba da noma shi yadda ka saba, don ka samu abin kwatantawa. Sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta damin hatsin kowane gefe, yawan itace, amalanken taki nawa ka kai. In ƙungiyarku na da hali ku auna ƙasa: bayan girbi, a ɗebo daga wuri 10 zuwa 15 a warwatse, zurfin santimita 20, a cakuɗa a bokiti mai tsabta, a shanya a inuwa, a ɗauki rabin kilo a rubuta sunan gona da ranar, a kai ɗakin gwajin ƙasa na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Yamai. Kada ku sake awo sai bayan shekara huɗu ko biyar, a wata ɗaya da zurfi ɗaya, don canjin shekara guda bai kai abin da awo zai gani ba.

Kuɗin karbon akwai su. Kamfanonin da ke fitar da hayaƙi suna sayen shaidar cewa an janye iskar karbon, ana kuma lissafi da tan: tan ɗaya na karbon a ƙasa ko a itace daidai yake da tan 3.67 na iskar. A Nijar an taɓa yi. Garuruwan da suka dasa dakwara, itacen ƙaro, cikin wani shiri da Bankin Duniya ya tallafa sun karɓi kuɗinsu, amma sai da suka haura shekara goma suna jira. Awo da tantancewa na da tsada, don haka ba mai zuwa saboda hekta biyunka. Sai an tara dubbai.

In wani ya zo da takarda, ku zaunar da shi ku tambaya. Shekara nawa yarjejeniyar za ta ɗaure gonar, tunda irinta kan kai 20 ko 30? Cikin kowace jika nawa ke isowa hannun manomi, kuma yaushe? In fari ya kashe itatuwan ko wuta ta ci, wa ke ɗaukar asarar? Zan iya saran reshe in yi rumfa? In gonar aro ce ko jingina, kuɗin na mai gona ne ko na mai noma? Matan da aka ba gamana fa? Ku nemi a karanta muku takardar da Hausa a gaban mai gari, ku riƙe kwafi, ku je hukumar filaye ta COFO ku yi wa gonakinku takarda tun kafin sa hannu. Wanda kuma ya ce ku fara biyan kuɗin rajista kafin a sa sunanku, ku ba shi ruwa ya sha, ku raka shi bakin hanya.