Yadda na gano abin da ke kashe mini kwamfuta a sabon akwati

Na gama ɗaure komai a sabon akwatin kwamfuta, na danna makunni, fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya cak. Gabana ya faɗi, don na ɗauka madabod ɗin, wato babban allon da sauran kayan kwamfuta ke haɗe a kansa, shi ne ya ƙone. Na sake danna wayar wuta mai fil 24 da mai fil 8 ta furosesa, na cire RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, na mayar, shiru.

Sai na kwance allon gaba ɗaya, na ɗora shi kan kwalinsa, na haɗa fil biyu na makunni da bakin sukurudireba don in kunna shi ba tare da makunnin akwati ba. Nan take ya tashi. Ashe matsalar tana cikin akwatin.

Na ƙirga 'yan ƙafafun tagullan da allon ke zama a kansu. Allona ATX ne, wato mai cikakken girma, ramin sukuru 9 gare shi, amma ƙafa 10 na tarar. Ta goman an ɗaura ta ne domin ƙaramin allo, microATX, kuma ita ce ke taɓa bayan allon tana haɗa wuta. Har ɗan tabon karce na gani a wurin. Na murɗe ta da filaya, na mayar da allon, ban matse sukurorin da ƙarfi ba. Tun ranar kwamfutar ba ta sake mutuwa ba.