Yadda ake bibiyar gyare-gyaren abokan aiki a Google Docs kafin a fitar da rubutu

Duk shekara idan Zulƙida ta kama, ɗalibanmu na Madina da 'yan uwa mazauna Makka da Jidda sukan haɗu su rubuta wa alhazai takardar jagora da Hausa, yawanci a Google Docs, wato manhajar rubutu ta intanet da mutane da yawa ke iya aiki a kanta tare, saboda kowa yana iya buɗe ta a wayarsa. Na taɓa ganin irin wannan takarda ta fita da 8 ga Zulhajji a matsayin ranar tsayuwar Arfa, alhali 9 ce, domin hannun wani ya taɓa lambar kuma babu wanda ya lura.

Maganin wannan yana farawa ne tun daga rabon izini. Izini iri uku ne: na kallo kawai, na sharhi, da na gyara. A ba mutum ɗaya ko biyu izinin gyara, sauran kuwa, har da malamin da zai duba hukunce-hukuncen aikin hajji, a ba su na sharhi. Babu raini a cikin haka, domin duk abin da mai sharhi ya rubuta yana fitowa ne a matsayin shawara, ɗauke da sunansa da lokacin da ya yi ta.

Shi ma mai izinin gyara ya kamata ya koma yanayin ba da shawara ta hanyar danna alamar fensir da ke saman shafi, a dama idan manhajar da Turanci take, a hagu idan da Larabci take. Daga nan abin da ya ƙara zai fito da launi, abin da ya goge kuma za a ja masa layi. Masu aiki da manhajar Word sai su danna Ctrl+Shift+E domin kunna irin wannan yanayi.

Sai a bi shawarwarin ɗaya bayan ɗaya, ana karɓa ko ana ƙi. Akwai maɓallin karɓar duka a lokaci guda, amma ni ban yarda a taɓa shi ba, domin ta nan ɓarna take shiga. A tsaya a kan kowace lamba, musamman ranakun Hijira da lambobin waya. A duba haruffa masu ƙugiya, saboda wayoyi da yawa sukan mayar da ƙasa ta zama kasa, ko ɓata ta zama bata, ma'ana ta sauya gaba ɗaya. Addu'o'in Larabci irin su talbiyya suna bukatar kulawa ta musamman, domin idan aka cusa su cikin layin boko kalmomi da alamomin rubutu sukan sauya wuri. Gara a ware musu layinsu daga dama zuwa hagu, wani ya karanta da baki ana bin rubutun da ido. Inda aka sami saɓani, a tattauna a ƙarƙashin shawarar, kada a koma WhatsApp inda hujjar za ta ɓace.

Bayan kowane zagaye na dubawa, a buɗe tarihin takardar ta alamar agogo ko Ctrl+Alt+Shift+H, a sa wa kwafin suna bayyananne kamar "Bayan dubawar Malam, 20 ga Zulƙida". Ana iya sanya wa kwafi 40 suna, kuma idan abu ya lalace ana iya komawa kowanne daga cikinsu.

Idan shawarwari sun ƙare, a mayar da izinin kowa zuwa kallo kawai, sannan a sauke takardar a matsayin PDF, domin fayil ɗin Word yakan tafi da sharhin da aka yi a cikin gida. A ba wani da bai sa hannu a rubutun ba ya karanta ta a wayarsa daga farko har ƙarshe, sannan a tura wa shugabannin rukunin alhazai.