Yadda Ake Tantance Sararin Hanya Kafin a Haɗa Eriya Biyu ta Iska

A Katsina yanzu ba baƙon abu ba ne mai makaranta ko mai asibiti ya biya kuɗin intanet a wuri ɗaya, sannan ya harba shi ta iska zuwa reshensa da ke wata unguwa. Eriya biyu ake kafawa, kowace tana fuskantar 'yar'uwarta. Yawancin aikin da ke lalacewa, a tsakanin eriyoyin nan yake lalacewa: an zuba kuɗi an sayo kaya, an kafa, sai sabis ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Shi ya sa hanyar ake fara dubawa tun ba a taɓa aljihu ba.

Da farko je ka tsaya a daidai gurbin da za a kafa kowane ƙarfen da zai ɗauki eriya, ka buɗe Google Maps, ka danna ka riƙe, ka kwafe lambobin wurin. Kada ka ɗauka daga bakin ƙofar gida. Kaucewar mita 20 kaɗai tana iya shigo da wani bene cikin layin.

Sai ka koma kan kwamfuta ka buɗe Google Earth Pro, kyauta ce. Ja layi daga wuri na farko zuwa na biyu, ka nemi ta nuna maka tudu da gangaren ƙasar da layin ya ratsa. Kamfanin Cambium yana da manhajar LINKPlanner, Ubiquiti ma yana da tasa, duk don wannan aikin. A ido ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, amma a nan za ka ga tudun da ba ka san da shi ba. Sai dai ka riƙe wannan: ƙasa suke nuna maka. Ba su san da tankin ruwan da aka ɗaga bara ba, ko benen da ake kan zuba wa dakin.

Yanzu ga inda ake yawan faɗawa rami. Mutum ya hau rufi, ya hango ɗaya ƙarfen, ya ce shi ke nan. Ganin ido bai wadatar ba, domin igiyar rediyo tana buƙatar fili a kewayen layin, sama da ƙasa da gefe. Filin nan siffarsa kamar ƙwallon dabino: siriri a bakin kowace eriya, mai kauri a tsakiyar hanya. Ana kiransa yankin Firenel, da sunan wani masanin haske ɗan Faransa. Ƙa'idar aikin ita ce aƙalla kashi 60 cikin 100 na wannan filin ya zama babu komai a cikinsa.

Lissafin ba wuya, kalkuletan waya ya isa. Raba nisan, a kilomita, da saurin kaɗawar igiyar rediyon da eriyarka ke aiki da ita, wanda ake aunawa da gigahaz. Danna alamar √ a kan abin da ya fito, sannan ka ninka da 8.66. Amsar ita ce tazarar da ke tsakanin layin da bakin yankin a tsakiyar hanya, a mita.

A ce daga Ƙofar Ƙaura za ka harba zuwa wata gona a hanyar Dutsinma, nisan kilomita 10, da eriya mai gigahaz 5.8. Amsar za ta ba ka mita 11.4, kashi 60 ɗinta kuwa kusan mita 7. Wato a tsakiyar hanya dole layin ya wuce saman duk wani abu da mita 7. Idan abin yana kilomita 1 ne daga ɗaya eriyar, mita 4 da ɗoriya ta isa. Da eriya mai gigahaz 2.4 ce, da yankin ya fi haka kauri sosai, kuma wannan na cikin dalilan da na fi ba da shawarar 5.8 a cikin gari.

Akwai kuma doron ƙasa. Duniya a dunƙule take, don haka tsakiyar hanya tana tasowa. Ninka nisan abin da ke kan hanya daga eriya ta farko da nisansa daga ta biyu, duka a kilomita, ka raba da 17, amsar a mita take. A tsakiyar hanya mai kilomita 10 mita 1.5 ce kawai, a kilomita 20 kusan mita 6. Tsakanin Katsina da Daura kuwa, nisan da ya kusa kilomita 80, doron ya kai wajen mita 90, shi ya sa ake yanka irin wannan hanya zango-zango.

Haɗa su duka. Idan akwai itacen bedi mai mita 12 a tsakiya, ƙara masa mita 2 na girman da zai yi, da mita 1.5 ta doron ƙasa, da mita 7 ta yankin Firenel. Ka tashi da mita 22.5, kuma nan ne tsayin da kowace eriya za ta kai idan ƙasar a daidaice take. Wanda ya yi niyyar ɗaure eriya a jikin bututu saman bene hawa ɗaya, a nan zai gane ƙarfe yake buƙata.

Bayan lissafi sai fita. Ɗauki babur ka bi layin gwargwadon yadda hanya ta bari, kana rubuta duk abu mai tsawo: hasumiyar masallaci, tankin ruwa, ƙarfen sabis, itatuwa. Itatuwa su ne suka fi yaudara, domin ganye yana shanye sigina, musamman jiƙaƙƙe. Kuka tana tsaye fayau da rani, za ka hango ta cikin rassanta, da damina ta rufe ruf. Gawo akasin haka yake: da damina yake zubar da ganye, da rani ya cika. Don haka ko wane lokaci ka duba, ɗauki kowane itace a matsayin cikakke.

Daga nan mutum biyu su hau tsayin da aka lissafa, ɗaya a kowane ɓangare, da waya a hannu. Da rana ɗaya ya haska madubi, ɗayan ya duba da madubin hangen nesa. Da dare tocila mai ƙarfi ta fi. Jirgi maras matuƙi mai kyamara yana sauƙaƙa aikin idan ba a riga an kafa ƙarfe ba. A watannin Disamba da Janairu hazo yana iya hana ka gani ko da hanyar a buɗe take, sai ka jira ranar da gari ya washe. Mai hawa ya ɗaura bel, ya nisanci wayar wuta.

Idan hanyar ta toshe, ka ƙara tsawo, ko ka matsar da gurbin, ko ka nemi wuri na uku mai tudu da yake ganin ɓangarorin biyu. Idan ƙarfen zai yi tsawo kusa da filin jirgin saman Umaru Musa Yar'adua, sai an nemi izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya.

Ranar kafawa, manhajar eriyar za ta nuna ƙarfin sigina. Da ma'aunin dBm ake auna shi, kuma tsakanin -50 da -65 yana da kyau. Kwatanta shi da abin da manhajar lissafi irin LINKPlanner ta yi hasashe: bambancin 3 zuwa 5 ba komai, amma idan ya kai 10 bayan ka saita fuskar eriyoyin da kyau, akwai abin da ya shiga yankin, sai ka sake bin layin ka nemo shi.